Iskar da ke Maƙalewa a Lagireto: Hattara Masu Mota

Mutum zai kai motarsa gareji a canja masa tiyon lagireto ko famfon ruwa, a cika ruwa har baki, ya biya ya kama hanya. Bai yi nisa ba sai allurar zafi ta fara hawa. Ruwa ga shi nan, tiyo sabo fil, fanka lafiyarta ƙalau. Sau da yawa iska ce ta maƙale a ciki.

Duk lokacin da aka zubar da ruwan inji, iska ce ke maye gurbinsa. In aka ɗura sabo da gaggawa, ba ta fita duka, sai ta haura ta laɓe a kan inji, ko gidan tamostat, ko bututun hita. Ita kuwa iska ba ta kwashe zafi yadda ruwa ke yi, don haka ƙarfen da ta tsaya a jikinsa sai ya yi ta gasuwa. Abin da ya fi muni, idan na'urar auna zafi ta faɗa cikin wannan iska, ƙarya za ta faɗa wa direba, fanka ma ta ƙi tashi a kan kari. Ƙarshenta gasket ya ƙone ko kan inji ya lanƙwashe.

Alamunta ba ɓoyayyu ba ne. Allura na hawa tana sauka ba dalili, ana jin ƙul-ƙul ɗin ruwa a bayan dashbod, hita kuma sanyi take hurawa ko inji ya yi zafi. Wannan ta ƙarshen kan wuce mu, tunda a nan ba mai tunawa da hita sai hunturu ya kankama.

Kafin komai, kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Murfin yana danne ruwan ne har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da an sassauta shi, nan take ruwan zai tafasa ya yi tsiri zuwa fuska. Tsumman da ake ɗorawa a kai ba kariya ba ne. A jira inji ya huce sarai.

In ya huce, a tsayar da motar gabanta ya ɗan yi sama. A buɗe murfi, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, a zuba ruwa sannu a hankali. Sai a tayar da inji a bar shi yana aiki a tsaye. Da zafi ya kai digiri 80 zuwa 90 tamostat zai buɗe, tiyon sama ya ɗau zafi, iska ta riƙa ɓulɓulowa, ruwa ya ja ƙasa. A ƙara, a ɗan mammatsa tiyon, amma a yi nesa da fanka da bel. Idan ɓulɓulowar ta tsaya, fanka ta tashi ta mutu, a rufe. Washegari da safe a sake duba ruwan.

Wasu motocin ba su yarda da wannan kaɗai ba. Peugeot 406 da 206, misali, suna da ƙananan sukurori na fitar da iska, waɗanda ake kwancewa har sai ruwa zalla ya fito. Bakaniken da ya cika irin wannan mota bai taɓa su ba, bai gama aikinsa ba, kuma mai mota na da damar tambaya. Cire tamostat a yar, da wasu ke yi da sunan maganin zafi, rufe ciwo ne kawai.

Idan kuwa an yi duk wannan iska ba ta daina fitowa ba, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake yoyo ba, ko salansa na fitar da farin hayaƙi, to mai yiwuwa gasket ne ya ƙone. A nan sai a ajiye motar a kira bakanike.