Manhaja da kunnen tsohon makaniki

Wanda ya shiga masana'antar zamani zai tarar da ƙananan na'urori maƙale a jikin injuna, wata na auna zafi, wata na auna girgiza, duk suna tura lambobi zuwa kwamfuta dare da rana. Tun shekarar 2011, lokacin da Jamusawa suka fito da sunan Industrie 4.0 a baje kolin birnin Hanover, kasuwar manhajojin da ke tattara waɗannan lambobi ta ƙara bunƙasa. Akwai mai lissafin kaya da oda, irin ta kamfanin SAP, akwai mai bin sawun kowane aiki daga inji zuwa inji, akwai kuma mai hasashen ranar da boris zai ci, don a canza shi tun bai tsayar da aiki ba. Duk suna da amfani. Sai dai ni a ganina, wadda ta fi su daraja ita ce wadda ba a cika yi wa talla ba, wato mai adana abin da ma'aikata suka sani.

Dalili kuwa shi ne mafi yawan ilimin sana'a ba a rubuce yake ba. Tsohon makaniki kan ɗora bakin sukurdireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotar, ya ce a kashe, alhali allo bai nuna komai ba. Ka tambaye shi me ya ji, da ƙyar ya iya faɗa maka. Kamfanin Matsushita na Japan ya gamu da irin wannan a shekarun 1980, lokacin da yake ƙera injin yin burodi na gida. Burodin ya ƙi yin kyau, har sai da wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta je ta zauna koyon aiki wurin shugaban masu burodi na wani otal a Osaka. A can ta lura cewa yana murɗa kwaɓin yayin da yake jan sa, abin da shi kansa bai taɓa bayyanawa ba. Wannan murɗin aka koya wa injin.

Kamfanin Xerox ya bi wata hanyar a shekarun 1990. Ya gano cewa masu gyaran injunansa sun fi koyo daga hirar junansu a kan littafin umarni, sai ya gina musu manhaja mai suna Eureka, inda kowa zai rubuta dabarar da ta fisshe shi, abokan aiki su tantance ta. Abin sha'awa, sunan mai dabarar da ake liƙawa a jikinta ya fi jan su fiye da kuɗi.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, yanzu ƙirƙirarriyar basira na koyo kai tsaye daga lambobi, ba ta bukatar kunnen kowa. A wajen matsalar da ke yawan maimaituwa, ya yi gaskiya, na'ura ta fi mutum haƙuri kuma ba ta gyangyaɗi. Amma manhaja daga abin da aka auna take koyo, kuma lalacewar da ta fi tsada ita ce wadda ba kasafai take faruwa ba, don haka misalanta kaɗan ne. Ga kuma ranar da kwamfutar kanta za ta ɗauke. A watan Maris na 2019 masu kutse suka kulle kwamfutocin Norsk Hydro, kamfanin alminiyam na ƙasar Norway, dole wasu masana'antunsa suka koma aiki da takarda da biro, har waɗanda suka yi ritaya suka dawo taimako saboda su ne suka san tsohuwar hanya.

Ƙorafin da ya fi nauyi daga wajen ma'aikata yake fitowa. Mutum ya shekara ashirin yana tara sani, a ce ya juye shi cikin kwamfuta, me zai hana a sallame shi gobe? Tsoron na da tushe, kuma babu manhajar da ke maganinsa. Inda ma'aikaci bai amince ba, zai cike gurbin da aka ba shi da abin da kowa ya sani, ya riƙe na gasken a cikinsa. Amana kuwa ginawa ake yi: Toyota ta daɗe da ba ma'aikacin layi ikon jan igiyar gargaɗi ta andon idan ya ga aibu, shugaban rukuni ya zo da sauri, in ba a warware ba layin ya tsaya. Mutumin da aka yarda ya tsayar da layi ba ya jin nauyin rubuta dalilin da ya sa ya tsayar.