Hannun Taga Ya Lalace: A Kwance, A Auna, Sannan A Saya



Mu da muke sarin tufafi a kasuwar Shisanhang ta birnin Guangzhou mun san darajar kaya. Tun da sassafe muke kutsawa cikin turereniya, mu yi ciniki, mu ɗaure dila, mu kai masauki kafin ranar lodi. Amma da yawa daga cikinmu a ƙarƙashin tagar da aka ɗaure da igiyar leda muke jibge wannan dukiya, don hannunta ya karye tun bara. Mu kanmu ta taɓa cin mu: mun fita kasuwa hadari ya taso, iska ta banke tagar, muka dawo muka tarar rigunan mutane sun jiƙe, bayan kwana uku suka yi funfuna. Abin da ya jawo asarar ɗan ƙarfe ne da kuɗinsa bai kai na abincin yini ɗaya ba.

Shisanhang tana gundumar Liwan, tsohon ɓangaren gari. Sunan yana nufin gidajen fatauci 13, domin daga 1757 zuwa 1842 a nan kaɗai aka yarda Turawa su yi ciniki da Chaina ta ruwa. Gidajen haya na wannan yanki, da na Xiaobei da Sanyuanli inda mutanenmu suka fi yawa, akasari tsofaffi ne, wasu hawa 8 ko 9 ba lifta. Ruwan sama a nan ya haura milimita 1,600 a shekara, mafi yawansa daga Afrilu zuwa Satumba. Kafin nan kuma, wajen Fabrairu da Maris, akwai danshin da 'yan gari ke kira huinantian, lokacin da bango da madubi ke zufa kuma ake rufe tagogi ruf. Waɗanda suke nan ranar 16 ga Satumba 2018 ba za su manta da guguwar Mangkhut ba. Ga kuma sauro, wanda a 2014 ya yaɗa zazzaɓin dengi a birnin. Duk waɗannan, hannun taga ne ke tsare mu daga gare su, domin shi ne ke matse murfin taga a jikin robar firam.

Kafin a taɓa sukundireba, a fara da mai gida. Dokar farar hula ta Chaina, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021, ta ce a sashe na 712 gyaran gidan haya na kan mai gida ne, sai dai in takardar haya ta faɗi wani abu dabam. Sashe na 713 ya ƙara da cewa idan ɗan haya ya nemi gyara aka ƙi yi cikin lokacin da ya dace, yana iya gyarawa da kansa mai gida ya biya, muddin ba shi ya lalata ba. Saboda haka a ɗauki hoton hannun, a tura wa mai gida ta WeChat, a ajiye amsarsa, in an saya a riƙe rasit. Wannan yana hana gardama ranar karɓar kuɗin ajiya. Gidan mutane amana ne a hannunmu, kada mu huda firam sabon rami ba da izini ba.

Sai a gane irin tagar. A gidajen nan iri uku muka fi gani. Na farko tagar alminiyam mai zamewa gefe, wadda makullinta ke kama da jinjirin wata. Sunansa yueya suo. Sukuru biyu ne ke riƙe shi, yana juyawa ya kama ƙugiyar da ke ɗaya murfin. Na biyu taga mai buɗewa kamar ƙofa, da hannu mai siffar lamba 7, wato qizi zhishou. Shi ba ya da komai a ciki, harshensa kawai ke hawa kan wata 'yar roba a jikin firam ya matse. Na uku hannun da ke juya wani ƙarfe a cikin firam, ƙarfen kuma ya kulle taga a wuri biyu ko uku lokaci guda. Wasu suna da sanda mai kusurwa huɗu a bayansu, wasu kuma baki ne mai kama da cokali mai yatsu. Ba a musanya ɗaya da ɗaya.

Kuskuren da muka fi yi shi ne zuwa shago da ƙiyasin ido. Mutum ya ce ai duk hannu hannu ne, ya sayo, ya dawo ya ga ramukan ba su dace ba. A kwance tsohon tukuna. A nau'i na uku, a juya hannun ya kwanta a tsakiya kamar za a buɗe, sai a ɗaga ko a murɗa 'yar murfin da ke gindinsa, sukuru biyu za su bayyana. A kwance su, a zaro hannun a hankali. A zuba sukurun a kofi, kada su gangara.

Abu huɗu ake aunawa da tef, a rubuta da milimita. Tazarar da ke tsakanin ramukan sukuru, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. 'Yan shago na kiranta kongju. A hannu mai sanda sau da yawa milimita 43 ce, amma a sauran nau'o'in tana bambanta sosai. Sai kaurin sandar, wanda galibi milimita 7 ne, da tsawonta daga gindin hannu: in ta yi gajarta ba za ta kama ba, in ta yi tsawo hannun ba zai zauna ba. Sai tudun da ke tsakanin gindi da harshe a hannu mai siffar 7 ko jinjirin wata, domin shi ke sa taga ta matsu ko ta riƙa kaɗawa. Na ƙarshe, na dama ne ko na hagu. Wanda ya fi duk wannan sauƙi shi ne a sa tsohon a aljihu a kai shagon kayan ƙarfe, wujin dian, wanda kusan kowane layi akwai shi. Ko ba yare, a ajiye a kan kanta, mai shago zai gane. Masu saye ta Taobao ko Pinduoduo su ɗora tef a jikin tsohon su ɗauki hoto su tura wa mai sayarwa.

Akwai gwajin da bai kamata a tsallake ba. Bayan an cire hannun, a sa sandar tsohon ko sukundireba mai faɗin baki a ramin, a gwada juya ƙarfen ciki taga tana buɗe. Idan ya juya salin alin amma da an rufe sai ya cije, to taga ce ta sunkuya, hinjinta ya saki ko ya yi tsatsa. Idan ko a buɗe ma ya ƙi juyawa, ƙarfen ciki ne ya lalace. A duka biyun, sabon hannu zai karye kamar yadda tsohon ya karye, don ƙarfi aka riƙa yi masa. Nan sai a kira mai gyara. Musamman hinjin taga mai buɗewa waje, kada kowa ya kwance shi da kansa a bene: murfin da gilashinsa sun fi nauyin da ake zato. Sashe na 1253 na dokar da muka ambata ya ɗora alhakin abin da ya faɗo daga gini ya ji wa wani rauni a kan mai ginin ko mai kula da shi ko mai zama a ciki, sai in ya nuna ba laifinsa ba ne. Ƙarƙashin tagoginmu kuwa masu tura kaya ne ke kai da komo yini guda.

Wajen saye a tuna araha ba ta ado. Mafi arhan hannu na tutiya ne maras kauri, da danshi ya ci shi sai ya ɓare kamar busasshiyar kuka. A ɗaga a ji nauyinsa. Sukuru da hinji a nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304, ya fi mai lamba 201 jure ruwa.

Ɗaurawa ba wuya. A goge wurin, a sa sabon hannun a kwance yadda aka cire tsohon, a ɗaura sukuru biyun sama-sama, a gwada buɗewa da rufewa, sannan a ƙara matsewa da hannu. Kada a sa na'ura, alminiyam ba shi da kauri, ramin kan cinye nan da nan. Idan ramin ya riga ya buɗe sukuru na juyawa a banza, a nemi wanda ya ɗan fi kauri amma tsawonsu ɗaya. Mai tsawo yana iya taɓa bakin gilashi ya tsaga shi. Dabarar cusa tsinken ashana da gam a tagar katako kaɗai take aiki. In an gama a ɗiga ɗan mai a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, sannan a sa takarda a bakin taga a rufe a ja. Idan ta zare ba tare da ta cije ba, iska da ruwa ma za su shiga.

Masu yara ƙanana a bene, a nemi hannu mai makulli, ko ɗan ƙarfen da ke hana taga buɗewa fiye da santimita 10, a kuma janye gado da dilolin kaya daga gindin taga don yaro na takawa ya hau. Ragar sauro ba ta riƙe yaro. Sai dai kuma idan tagar na da ragar ƙarfe ta ɓarayi mai 'yar ƙofar tsira, makullinta ya zauna inda kowane babba a gidan ya sani, saboda gobara.

Iyayenmu na Nima da Sabon Zongo da Zongon Kumasi, har da na Kano da Maraɗi, kukan aiko a sayo muku hannun taga tunda a wannan lardi ake ƙera su: garin Jinli da ke Zhaoqing ya yi suna da kayan ƙofa da taga, Dali da ke Foshan kuma da alminiyam. Muna roƙo, kada a ce mana kawai "irin na ɗakin Hajiya". A sa yaro ya kwance, ya ɗauki hoto gaba da baya da tef a jiki, a faɗi adadi da dama ko hagu. Mu kuma mu ƙara biyu na ajiya. Tagar gilashi mai falle-falle da ta cika gidajen zongo a Gana kuwa, mariƙinta haɗe yake da ƙarfen gefe, don haka ƙarfen ake canzawa gaba ɗaya. A ƙirga fallayen a auna tsayin.

Matasa, ku riƙa leƙa ɗakunan dattawa. Tsohon da yatsunsa ke ciwo ba zai ce hannu ya yi masa tauri ba, sai dai ya bar tagar a rufe cikin zafi ko a buɗe cikin ruwa. Kafin ruwan Afrilu ya sauka, kowa ya zaga tagogin gidansa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ya rufe, wadda ta cije ko take kaɗawa a yi mata abin da ya dace tun yanzu. Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyar da aka ba mu amana.