Jinga Da Dillalan Aikin Kwamfuta: A San Lada, A San Ajali

Duk wanda ya san Kakuri da Makera a zamanin da masaƙu ke ci, ya san yadda ake ɗaukar ma'aikaci a wancan lokaci. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo ta, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot kuma ya soma a 1975. Mutum ya je bakin ƙofa a ɗauke shi, ƙarshen wata ya karɓi albashinsa. Daga 1978 kuwa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, mai hedkwata a Kaduna, ita ke zama da masu kamfani ta yi cinikin albashi a madadin dubban mutane.

Kaduna Textiles ta daina aiki a 2002, sauran masaƙun ma galibi suka durƙushe. Yau a cikin 'ya'ya da jikokin waɗancan ma'aikata, a Barnawa da Nasarawa da Kakuri, akwai waɗanda suka koyi aikin kwamfuta: masu rubuta manhaja, da masu haɗa layukan intanet a ofisoshi, da masu kula da rumbun bayanai. Wasunsu ba kamfanin da ya ɗauke su dindindin. Aiki yakan zo musu ta hannun kamfanonin dillancin ma'aikata, na wata uku ko shida, kuma kowannensu shi kaɗai yake zama gaban dillali, ba ƙungiyar da za ta yi magana da bakinsa.

Abin Da Doka Ta Tanada

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika, ta kuma sa mai sana'ar samar da ma'aikata ya mallaki lasin daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Haka nan a 2023 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ƙa'idarta ita ce kada dillali ya karɓi kuɗi daga mai neman aiki. Saboda haka wanda ya ce sai an biya shi kuɗin rajista kafin ya samo aiki, ya kamata a nemi ganin lasinsa tukuna.

Amma fa sashe na 91 na dokar 1974, inda aka fassara ko wane ne ma'aikaci, ya fitar da masu aikin mulki da na fasaha da na ƙwarewa. Watau an ɗinka rigar ce daidai jikin mai tsayuwa gaban injin saƙa. Masanin kwamfuta mai zaman kansa, idan rigima ta kai gaban kotu, abin da za a fara dubawa shi ne takardar da ya sa wa hannu. Ke nan garkuwarsa ita ce wannan takarda, ranar ciniki kuwa ita ce ranar gyara ta.

Ijara Ce Ko Ji'ala?

Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala da Muhtasar, sun raba irin wannan ƙulli gida biyu. Na ɗaya ijara, wadda sharaɗinta shi ne a san lada, a kuma san ajali ko iyakar aikin. Na biyu ji'ala, kamar mutum ya ce duk wanda ya nemo masa raƙuminsa da ya ɓace yana da kaza. A nan ba a yanka ajali, kuma mai aiki ba ya da ko anini sai ya kammala.

Sun kuma shardanta wa ji'ala wani abu da ya kamata mai aikin kwamfuta ya haddace: kada mai ba da aiki ya amfana da komai idan aka tsaya a rabi. Wanda ya yi kwana uku yana neman raƙumi ya gaji ya koma gida, bai bar wa mai raƙumi komai ba. Amma wanda ya yi wata biyu yana rubuta manhaja a kan na'urar kamfani, ya bar musu aikin wata biyu, wani zai zo ya ɗora a kai. Idan takarda ta ce ba biya sai an gama duka, alhali abin da aka yi yana hannunsu, to an ba shi hukuncin ji'ala ne su kuma suna cin amfanin ijara. Maganin wannan shi ne a yanka aikin gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ladanta da ranar biyanta, ko kuwa a yi jinga bisa kwana ko wata.

Dillali Ne Ko Maigida?

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma halal ce. A kara, dillali yana haɗa mai saniya da mai saye a gaban jama'a, la'adarsa kuma sananniya ce. Kamfanin dillancin ma'aikata kuwa sau da yawa shi ke karɓar kwangila, ya ɗauki mai aiki da sunansa, ya tura shi wurin mai aikin. A misali, ya karɓi naira 600,000 a wata, ya ba wanda ya yi aikin 350,000.

To, sai a tambaye shi ƙarara: wane matsayi ya ɗauka? In dillali ne mai haɗa mutum biyu, ya faɗi la'adarsa. In kuwa shi ne mai ɗauka, ribarsa tasa ce, amma lada yana wuyansa, ko an biya shi ko ba a biya shi ba. Abin da ba ya kyautu shi ne ya ɓoye riba kamar maigida, ranar biya kuma ya ce shi ɗan aike ne kawai. Daga nan ne sharaɗin nan ke fitowa mai cewa za a biya ka idan mai aiki ya biya mu. Wannan ajali ne da ba wanda ya san ranarsa, irin rashin sanin da malamai ke kira garari. Sai a nemi a soke shi, a rubuta adadin kwanaki bayan miƙa takardar neman biya.

Sauran Abubuwan Dubawa

Na farko, irin kuɗin da za a biya. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Idan mai aikin yana ƙasar waje yana biyan dillali da dala, lalle a rubuta da wane kuɗi za a biya mai aiki, da farashin wace rana.

Na biyu, jinkirin biya. Takardu da yawa sukan sa ƙarin kashi kaza a kan kuɗin da aka jinkirta. Ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce, Musulmi ba ya neman ta. Abin da zai nema shi ne a rubuta cewa yana da ikon dakatar da aiki, ya riƙe gaɓa ta gaba har a biya ta baya.

Na uku, lamuni. Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya tafi da su shagonsa, amma wanda aka ɗauka yana aiki a wurin maigida amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Kada mutum ya sa hannu a kan ɗaukar kowace irin hasara ba iyaka. Bayanan jama'a da zai gani kuwa amana ce, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta tsare su.

Na huɗu, a san sunan mai aikin da irin sana'arsa tun kafin a amsa, kada a wayi gari ana gina manhajar caca. Na biyar, sharaɗin da ke hana mutum yi wa wannan kamfani aiki kai tsaye bayan kwangila ta ƙare, a yanka masa watanni sanannu. In an yanka kuma a cika, domin zagaye dillali a hana shi la'adarsa bayan shi ya buɗe ƙofa, cin amana ne.

Ga 'Yan Kasuwa Da Ma'aikatan Gwamnati

Ɗan kasuwan da ya nemi dillali ya samo masa mai tsara lissafin shagonsa a kwamfuta, kada ya ce ba ruwansa da abin da ke tsakaninsu. Ya tambaya nawa ke isa hannun yaron, ya kuma biya a kan lokaci, don jinkirinsa ne ake fakewa da shi. Ma'aikacin gwamnati mai sha'awar karɓar irin wannan aiki da dare kuwa, ya tuna jadawali na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma.

Jama'a, mun san kunya kan hana matashi ya yi ciniki da wanda ya girme shi, tsoron rasa aikin kuma kan sa ya sa hannu bai karanta ba. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ladan da za a biya bayan wata guda kuwa bashi ne. Saboda haka neman a rubuta ba rashin ladabi ba ne. Wanda aka miƙa wa takarda ya nemi kwana biyu, ya kai wa lauya ya duba masa ta fuskar doka, ya kai wa malami ya duba masa ta fuskar shari'a. Dillalin kirki ba zai ƙi wannan ba, wanda ya ƙi kuwa ya riga ya nuna halinsa tun ba a fara ba.

Allah Ya sa albarka a cikin neman halal ɗinmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani. Amin.