Man dizal na tsirrai: me ya sa hayaƙinsa bai cika baƙi ba?

Mene ne shi?

Bayodizal man inji ne da ake yi da manja, man waken soya, kitsen dabba ko man da aka gama suya da shi. Ba a ɗura shi a tanki yadda yake, don ya cika kauri. Sai an dafa shi da wani sinadari mai suna metanol, an raba shi da gilisarin, sannan ya tsinke.

Yaya yake ƙonewa?

Wuta ba ta ci sai da oksijin, wato sashen iska da ke raya mu. Dizal ɗin da ka saba saye kabon ne da haidurojin kusan zalla, don haka da iskar waje kaɗai ya dogara. Idan inji ya fesa mai, tsakiyar feshin ba ta samun isasshiyar iska. A nan ƙwayoyin kabon ke harhaɗuwa su dunƙule, su fito ta salansa baƙi ƙirin, kamar murhun da aka cunkusa wa itace ba a hura ba.

Shi kuwa bayodizal da oksijin ɗinsa yake zuwa, kusan kashi 11 cikin 100 na nauyinsa. Kabon ɗin da ya riga ya riƙe oksijin ba ya shiga wancan dunƙulen, ficewa yake a matsayin iska. Etanol, wanda Burazil ke yi da rake tana gauraya shi da fetur, nasa ya kai kusan kashi 35.

To, ba shi da aibu ke nan?

Yana da shi. Sau da yawa yakan ɗan ƙara wata iska mai guba da ido ba ya gani, wadda ke samuwa idan tsananin zafi ya haɗa naitirojin da oksijin. Rashin baƙin hayaƙi ba shi ne tsabta ba. Bayodizal yana saurin daskarewa a ƙasashen sanyi, yana kuma wanko dattin tsohon tanki ya toshe maka filta.

Me zai ci maka?

Oksijin ɗin nan ba makamashi ba ne, gurbi kawai ya tare. Lita ɗaya ta bayodizal zalla ba za ta kai ka inda litar dizal za ta kai ka ba, bambancin kusan kashi 8 ne cikin 100. Galibi gauraya shi ake yi: idan ka ga B20, ana nufin kashi 20 ne na tsirrai. Indonesiya, uwa mai ba da mama a harkar manja, ta koma B35 a 2023, kuma kowace litar manja da inji ya sha ta fita daga rabon masu girki.