Azumin da Ke Tayar da Naƙuda

A shekarar 1983 likitocin asibitin Shaare Zedek da ke birnin Ƙudus suka buga wani rahoto a mujallar likitocin Amurka, JAMA. Sun lura cewa da Yahudawa sun kammala azumin Yom Kippur, sai ɗakin haihuwa ya cika fiye da yadda aka saba. Mata masu tsohon ciki su yi ta isowa cikin dare da washegari, naƙuda ta kama su.

Yom Kippur ita ce rana mafi girma a addininsu, goma ga watansu na Tishri. Azumin kuwa ba irin namu ba ne: kusan awa 25, daga faɗuwar rana zuwa duhun daren gobe, ba sahur, ba ko kurɓin ruwa. Littafinsu na Mishna ya yarda a ba mai juna biyu abinci idan ta galabaita, malamansu kuma kan ce ta riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan duk bayan minti tara. Duk da haka, da yawa sukan cije su kai shi.

Abin ya ƙara fitowa fili a 2014, a asibitin Soroka da ke Biyasheba, gefen hamadar Nakab. A can Yahudawa da Larabawan ƙauye Musulmi suke haihuwa a ɗaki ɗaya. Farfesa Eyal Sheiner da abokan aikinsa suka bi bayanan haihuwar ranar Yom Kippur na shekara 23. Musulman, da yake ba azuminsu ba ne, su aka yi ma'auni da su. Aka samu yiwuwar haifar bakwaini a wannan rana ta ninka sau biyu ga matan Yahudawa.

Likitoci sun fi zargin ƙishirwa. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙwaƙwalwa kan saki wani sinadari mai tsimin ruwa, shi kuma ɗan'uwa ne ga sinadarin da ke sa mahaifa ta murɗa.

Namu azumin bai wuce rabin wancan da yawa ba, muna kuma shan ruwa kowace magariba. Amma wanda ya yi Ramadan a Kaugama cikin zafin Maris da Afrilu ya san yadda leɓe ke bushewa tun kafin azahar, ga mace da ciki wata takwas tana tsugune gaban murhu tana soya ƙosan buɗa-baki, kunyar uwar miji ta hana ta cewa jiri na ɗibarta. Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ba mai ciki da ke jin tsoron abin da ke cikinta damar ta sha, ta rama daga baya.

Maigida, kafin watan ya kama, kai matarka awo a tambayi ungozoma. Idan aka ce ta sha, kai ne za ka fara miƙa mata kofin ruwan.