Wayar Iska: Aikin Masu Sha'awa

A 1912 Gwamnatin Amurka ta tsare masu buga wayar iska don sha'awa ga gajeren zango, a kan zaton ba ya nisa. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Cikin Nuwamba 1923 Léon Deloy na Faransa da Fred Schnell na Amurka suka bugo wa juna saƙo, ga teku tsakani.

Gajeren zango kuwa gajeriyar eriya ta ishe shi, watau rabin tsawonsa. Waya mai ƙafa 33 ta isa zangon mita 20. Amma mai kafa mata dogon ƙarfe ya nisanci wayar lantarki, ya kuma saukar da wata wayar cikin ƙasa saboda aradu, gama kuskure guda ya isa halaka mutum.