Baƙin da ke kwana a cikin wayoyinmu

Daga watan Maris na 2018 zuwa Yulin 2019, wata 16 cur, aka toshe WhatsApp da Facebook da Twitter a ƙasar Cadi. A lokacin ne mu mutanen Njamena muka koyi kalmar VPN. Yaro ya sa wa mahaifiyarsa, mai gyaran waya a kasuwar Dembe ya sa wa ɗan kasuwa, maƙwabci ya tura wa maƙwabci ta Xender. An buɗe kafofin tuntuni, amma ɗabi'ar ta zauna mana: duk manhajar da aka ce kyauta ce sai mu karɓa hannu bibbiyu, ba mu tambayi asalinta ba.

Tun a 2016 masu bincike na cibiyar CSIRO ta Ostireliya suka duba manhajojin VPN 283 na wayoyin Android, suka tarar kashi 38 cikin 100 suna ɗauke da alamun mugun abu, kashi 18 kuma ba sa ɓoye saƙon mai amfani da su ko kaɗan.

Sai dai ba duka baƙin ne sharrinsu ɗaya ba, kuma wajibi ne magidanci ya iya auna su. Mafi sauƙi ita ce manhajar talla: tana cika fuskar waya da hotuna, wasu ma ba su dace yara su gani ba, tana shanye batir da kuɗin intanet. Wadda ta fi ta cuta ita ce mai yi wa mutum rajistar sabis na kuɗi bai sani ba. A 2020 kamfanin Upstream ya ba da rahoton wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 da suka iso kasuwa da ƙwayar Triada a cikinsu, ciki har da na Kamaru, wadda gadar Ngeli kaɗai ta raba mu da ita. A 2021 kuma Kaspersky ya gano wannan ƙwaya a FMWhatsApp, ɗaya daga cikin jabun WhatsApp da matasanmu ke so saboda ado da launi. Tana karanta saƙonnin tes, ta nan ne kuwa lambobin tabbatarwa ke shigowa. Wanda jarinsa ke cikin Airtel Money ko Moov Money ya san nauyin wannan magana.

Manhajar leƙen asiri ta fi su duka. Kowa ya ji labarin Pegasus, wadda WhatsApp ya kai masu ita ƙara a 2019 kan kutse a wayoyin mutum kusan 1,400. Amma wannan kayan gwamnatoci ne, mai tsadar gaske, ana haƙon 'yan jarida da 'yan siyasa da shi. Ba shi ne abin da zai hana mai sayar da goro barci ba. A ganinmu, wadda ta fi kusa da gidajenmu ita ce wadda miji ke dasa wa matarsa a ɓoye, ko mata ga mijinta. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin juna. Ban da haka, duk abin da aka tsinta, hotunan iyali da hirar dare, yana tafiya ne rumbun wani kamfani a ƙetare. Na mSpy ya fashe a 2015, bayanan mutane suka watsu a intanet.

Kafin a sa wata manhaja, a tambaya: daga Play Store ta fito ko daga wayar aboki? Me take nema? Tocila ba ta da hurumin neman makirufo ko lambobin 'yan uwa. Idan kati yana ƙarewa ba a yi kira ba, ko waya tana zafi alhali tana ajiye, a shiga saituna a duba jerin manhajoji, a fara da goge VPN ɗin da ya rage tun 2019.